Ɗalibi Mai Aiki Da Harajin Kuɗin Shiga: Darasi Daga Kafanchan Da Kudancin Kaduna

A duk garin da manyan makarantu suka yi yawa, kasuwa kan cika da ma'aikatan da rabin yininsu a aji yake ƙarewa. Haka abin yake a Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, inda Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma suke tara dubban matasa. Da yawa daga cikinsu da guminsu suke biyan kuɗin makaranta. Wani yana koyarwa a makarantar kuɗi, wata tana tsare wa ɗan kasuwa kanti, wani yana zaune a rumfar POS, wani kuma da kaka yakan sari citta ya ajiye har ta yi daraja. Ban da su akwai ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni waɗanda suka koma ƙaro ilimi ba tare da sun ajiye aiki ba.

Tsakanin waɗannan matasa da iyayen gidansu akwai wata fahimta da ta yi jijiya, cewa muddin mutum yana riƙe da katin makaranta to babu ruwansa da haraji. Dokar harajin kuɗin shiga ba ta san da wannan zance ba. Abin da take dubawa shi ne nawa mutum ya samu a shekara, ta wace hanya ya samu, kuma a wace jiha yake zaune. Yawancin ɗalibai masu aiki, idan aka zauna aka yi lissafi, za a tarar ko kwabo ba a bin su, ko kuma abin da ake bin su bai taka kara ya karya ba. Amma rashin bashin haraji daban, wajibcin bayyana abin da aka samu daban, kuma a kan na biyun ne doka ta ɗora tara mai nauyi.

Inda Fahimtar Ta Samo Asali

Wannan fahimta tana da tushe a tarihi. Tun daga dokar kuɗin shiga ta 1906, wadda Gwamna Lugga ya kafa a Arewa, harajin da talaka ya sani shi ne na kai, wanda dagatai da masu unguwanni suke tattarawa su miƙa wa hakimi, tare da jangalin shanu. Ƙidayar magidanta da samari majiya ƙarfi ake yi, kuma ba a saba sanya ɗan makaranta a jerin masu biya ba. Wannan haraji ya ci gaba har 1979, lokacin da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke shi tare da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, kamar yadda Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano.

Harajin kuɗin shiga kuwa wata hanya ce dabam. An tsara shi da dokar 1961, aka sake masa fasali da dokar soja mai lamba 104 ta 1993, sa'an nan aka yi masa babban gyara a 2011. A cikin tsohon tsarin, inda aka fi ganin sunan ɗalibi shi ne a fom ɗin mahaifinsa, domin ana yi wa uba rangwamen Naira 2,500 a kan kowane ɗa da ke makaranta, har zuwa 'ya'ya huɗu. Watau a tsare-tsaren biyu duka, ɗalibi mutum ne da wani yake ciyar da shi. Ɗalibin da yake ciyar da kansa, wani lokaci ma har da ƙannensa, doka tana kallonsa ne kamar kowane ma'aikaci ko ɗan kasuwa.

Ba a Nijeriya kaɗai ake haka ba. A Ingila ɗalibi mai aiki yana da rangwamen da kowa yake da shi, watau Fam 12,570 a shekara, kuma abin da ya haura wannan sai an cire masa haraji. A Amurka ma ɗalibin da samunsa ya wuce wani mizani dole ne ya cike takardar haraji kafin 15 ga Afrilu, ko da iyayensa sun rubuta shi cikin waɗanda suke ɗauke da nauyinsu.

Sabon Ma'auni

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu. Biyu daga ciki su ne suka shafi wannan darasi: Dokar Haraji ta Nijeriya, wadda ta faɗi abin da za a biya, da Dokar Gudanar da Haraji, wadda ta faɗi yadda za a yi rajista, a cike takardu, a kuma hukunta wanda ya saɓa. Sun fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Saboda haka kuɗin da aka samu a 2025 da tsohon ma'auni ake auna shi, na 2026 zuwa gaba kuma da sabo.

Ga yadda sabon ma'aunin yake a kan kuɗin shiga na shekara:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira miliyan 2.2 da suka biyo baya: kashi 15 cikin 100.
Naira miliyan 9 da suka biyo baya: kashi 18 cikin 100.
Naira miliyan 13 da suka biyo baya: kashi 21 cikin 100.
Naira miliyan 25 da suka biyo baya: kashi 23 cikin 100.
Abin da ya haura Naira miliyan 50: kashi 25 cikin 100.

Ya kamata a lura cewa matakan nan hawa-hawa ne. Wanda ya sami Naira 900,000 ba a cire masa kashi 15 na dukkan kuɗin, sai na Naira 100,000 da suka hau kan matakin farko. Bugu da ƙari, doka ta keɓe albashin duk ma'aikacin da bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a wata a 2024. Wannan ya kama Naira 840,000 a shekara, ya ɗan ɗara matakin farko ke nan, amma duk da haka ba a taɓa shi.

Kafin a ɗora ma'aunin, akwai abubuwan da doka ta yarda a fara cirewa daga kuɗin shiga. Sun haɗa da gudummawar fansho, da ta asusun gidaje na ƙasa, da ta inshorar lafiya, da kuɗin inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da mutum yake zaune a ciki. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya na 2011, aka kawo rangwamen haya a madadinsa, watau kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara, amma kada rangwamen ya wuce Naira 500,000. Kuɗin makaranta, da na littattafai, da na jarrabawa ba sa cikin jerin nan. Wannan shi ne abin da ya fi ba ɗalibai mamaki, domin a wurinsu shi ne babban abin da yake cin samunsu.

Misalai Uku

A ɗauka wani ɗalibin Gidan Waya yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kafanchan, ana biyansa Naira 45,000 a wata. Samunsa na shekara Naira 540,000 ne. Bai kai mafi ƙarancin albashi ba, bai kuma kai matakin farko ba, saboda haka harajinsa sifiri ne. Idan mai makarantar yana zaftare masa wani abu da sunan haraji, to ba bisa doka yake yi ba, kuma ɗalibin yana da ikon ya nemi a nuna masa inda kuɗin suke zuwa.

Misali na biyu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa, tana karatun digiri a ƙarshen mako. Albashinta Naira 120,000 a wata, watau Naira 1,440,000 a shekara. Don sauƙin lissafi a ɗauka ana cire mata kashi 8 cikin 100 na fansho a kan dukkan albashin, ya kama Naira 115,200. Tana biyan hayar ɗaki Naira 200,000 a shekara, rangwamenta ya kama Naira 40,000. Abin da ya rage shi ne Naira 1,284,800. Idan aka cire Naira 800,000 na matakin farko, saura Naira 484,800, kuma kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 72,720 a shekara, ko Naira 6,060 a wata. Da tsohon ma'auni aka auna ta, da harajinta ya kai Naira 92,976. Rangwamen hayar kaɗai ya rage mata Naira 6,000, amma ba ya zuwa da kansa. Sai ta bayyana hayar da take biya, ta kuma riƙe rasit daga mai gida.

Misali na uku shi ne ya fi yawan jefa mutane cikin matsala, watau mai hanyar samu biyu. Wani ɗalibi yana aikin rubuta lissafi a wurin wani dillalin citta, albashinsa Naira 75,000 a wata, Naira 900,000 ke nan a shekara, kuma ba a cire masa fansho. Uban gidansa yana cire masa harajin Naira 15,000 a shekara yana kai wa hukuma. Shi kuma a gefe ya sari busasshiyar citta ta Naira miliyan 2 a kasuwannin Kachia da Kwoi, ya kashe Naira 150,000 a kan buhuna, mota, 'yan dako da hayar sito, daga baya ya sayar a kan Naira 2,750,000. Ribarsa Naira 600,000. A wurin doka kuɗin shigarsa na shekara Naira 1,500,000 ne, domin ana haɗa albashi da riba wuri ɗaya, kuma matakin Naira 800,000 sau ɗaya ake ba mutum, ba sau biyu ba. Harajinsa ya zama kashi 15 cikin 100 na Naira 700,000, watau Naira 105,000. An riga an biya 15,000, saura Naira 90,000 a wuyansa. Uban gidansa bai san da wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Ɗalibin ne zai bayyana da kansa.

Abin Da Ake Kira Kuɗin Shiga

Daga misali na uku za a ga cewa riba ake yi wa haraji, ba ciniki ba. Naira 2,750,000 sun shiga asusun wannan matashi, amma 600,000 kawai ne samunsa. Wannan bambanci ya fi muhimmanci ga masu sana'ar POS, waɗanda miliyoyi kan ratsa ta asusunsu a wata alhali abin da yake nasu shi ne ɗan ladan cirewa da turawa, bayan an fitar da kamashon kamfani, kuɗin takardar rasit, hayar rumfa da cajin na'ura. Wanda ba shi da littafin da yake rubuta shiga da fita ba shi da abin da zai raba uwar kuɗi da riba a gaban jami'in haraji. Doka ta ba hukuma ikon ta yi wa irin wannan mutum ƙiyasi da kanta, kuma ƙiyasin wanda bai ga littafi ba ba safai yake yi wa mai kaya daɗi ba.

Littafin yana da amfani har a shekarar hasara. Manoma da 'yan kasuwar citta na Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a ba za su manta da annobar da ta afka wa gonaki a daminar 2023 ba, wadda ta ruɓar da amfanin gona mai yawan gaske. Wanda ya zuba jari ya tashi babu riba, babu harajin riba a kansa, sai dai shi ne zai kawo hujjar hasarar.

Akwai kuma kuɗaɗen da suke shiga hannun ɗalibi waɗanda ba ladan aiki ba ne, ba kuma ribar sana'a ba. Abin da iyaye ko 'yan'uwa suka aiko masa na abinci da kuɗin makaranta kyauta ce. Rancen karatu na asusun NELFUND, wanda aka kafa da dokar 2024, bashi ne da za a biya daga baya, kuma bashi ba ya zama kuɗin shiga. Abin da ya fi dacewa ga ɗalibi mai sana'a shi ne ya ware asusun banki na sana'a dabam da wanda ake aiko masa da kuɗin gida, domin idan suka cakuɗe shi ne zai sha wahalar tsince su.

A ɗaya ɓangaren, akwai samun da mutane da yawa suke ɗauka ba ya cikin lissafi alhali yana ciki. Ɗalibin da yake zaune a Kafanchan yana yi wa wani kamfani na Turai ko Amurka aikin kwamfuta ta intanet, ana biyansa da Dala, mazaunin Nijeriya ne, kuma doka tana bin mazaunin ƙasa haraji a kan samunsa ko daga ina ya fito. Tun da kamfanin wajen ba ya cire masa komai don Nijeriya, shi ne zai mayar da kuɗin zuwa Naira ya rubuta a takardarsa. Haka kuma wanda ya yi wa wani kamfani na cikin gida aikin ƙwararru, kamar zanen gini ko tsara manhaja, zai iya tarar an riƙe masa kashi 5 cikin 100 tun daga tushe. A aikin Naira 400,000 za a riƙe Naira 20,000. Wannan kuɗi kafin alƙalami ne na harajinsa. Idan ya karɓi shaidar riƙewar za a rage masa shi a lissafin ƙarshen shekara, idan kuma ya zarce abin da ake binsa yana da ikon neman a mayar masa. Wanda bai cike takarda ba ya bar wa gwamnati kuɗinsa ke nan.

Wace Jiha Ce Take Da Haƙƙi

Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane na jihohi ne, kuma ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce jihar da mutum yake zaune ita ce take karɓa, ba jihar da ya fito ba, ba kuma inda hedkwatar kamfaninsa take ba. Wannan batu yana da nauyi a Kudancin Kaduna. Tun da layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927, garin ya zama matattarar baƙi daga sassan ƙasar nan. Ya fi kusa da Jos a kan Kaduna, Ƙaramar Hukumar Sanga tana iyaka da Nasarawa da Filato, Kagarko kuma tana maƙwabtaka da Babban Birnin Tarayya.

Saboda haka ɗan Jihar Filato da ya kama haya a Kafanchan, yana aiki yana karatu a can, harajinsa na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kaduna ne, watau KADIRS. Ma'aikacin da gidansa da aikinsa suke Abuja, yana zuwa Kafanchan ɗaukar darasi a ƙarshen mako kawai, harajinsa na hukumar Babban Birnin Tarayya ne, domin masaukin kwana biyu ba ya zama mazauni. Kamfanin Legas da ya ɗauki ɗalibi wakilin tallace-tallace a Kafanchan, Kaduna ya kamata ya aika da abin da ya cire masa. Idan ya aika Legas bisa kuskure, a littafin Kaduna matashin bai biya komai ba, ko da kuwa kowane wata ana zaftare masa albashi.

Rajista Da Cike Takarda

Mataki na farko shi ne rajista da samun lambar haraji. A sabon tsari an ɗaure lambar harajin mutum da lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, wadda kusan kowane ɗalibi yake da ita tun da ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Ɗalibin da ba shi da aiki ba shi da sana'a, wannan wajibi bai hau kansa ba. Da zarar ya fara samu ta hanyar aiki ko kasuwanci ya shiga sahun waɗanda doka take magana da su.

Mataki na biyu shi ne takardar bayanin kuɗin shiga ta shekara. Ana miƙa ta ga hukumar jiha kafin ƙarshen ranar 31 ga Maris, a kan samun shekarar da ta gabata, kuma ba sai an aiko wa mutum da takardar kira ba. A ciki zai rubuta duk hanyoyin samunsa, da abubuwan da yake neman a rage masa, da harajin da aka riga aka cire. Ma'aikacin da ake cire wa haraji daga albashi shi ma bai kuɓuta ba, domin takardar da uban gidansa yake cikewa albashi kawai take nunawa, ba ta san da citta ko POS ba. Wanda lissafinsa ya tashi sifiri, kamar malamin misali na farko, zai rubuta abin da ya samu, takarda ta nuna ba a binsa komai. Dokar ta kuma ba hukumomi damar fito da sauƙaƙƙen fom domin masu ƙaramin samu da masu ƙananan sana'o'i.

Abubuwan da ɗalibi zai tanada kafin ya je ofishin hukumar ko ya shiga shafinta na intanet su ne takardun albashi na wata-wata, rasit ɗin haya, bayanin asusun banki, littafin ciniki idan yana da sana'a, da shaidar duk wani haraji da aka riƙe masa. Doka ta ce a adana irin waɗannan takardu har shekara shida. Game da biya kuwa, dokar Jihar Kaduna ta 2016, wadda ta tattara harajin jihar wuri ɗaya, ta hana karɓar kuɗin haraji a hannu. Ta banki ko ta hanyar da hukuma ta amince ake biya, a karɓi rasit. Duk wanda ya zo rumfa ya ce a ba shi tsabar kuɗi zai daidaita magana, abin da aka ba shi bai shiga littafin gwamnati ba.

Nauyin Da Ke Kan Iyayen Gida

Ɗan kasuwar da ya ɗauki ɗalibi aiki yana da nasa wajibin. Idan albashin ya kai munzalin haraji, shi ne zai cire kowane wata ya kai wa hukuma kafin ranar 10 ga watan da ke biye. Kafin ƙarshen ranar 31 ga Janairu kuma zai miƙa jerin dukkan ma'aikatansa da abin da ya biya kowa a shekarar da ta wuce. Kiran ma'aikaci da sunan yaron shago, ko kiran albashinsa da sunan alawus ko kuɗin sabulu, ba ya sauya hukuncin kuɗin. Wanda ya ƙi cire harajin da ya kamata ya cire, tararsa ita ce kashi 40 cikin 100 na abin da bai cire ba. Wanda ya cire ya riƙe a aljihunsa kuwa zai biya kuɗin, da tara, da ruwa a kai.

Akwai wani tanadi da ya kamata masu kamfanoni su yi hattara da shi. Kamfani ko hukumar gwamnati da ta ba da kwangila ga mutumin da ba shi da rajistar haraji tana fuskantar tarar Naira miliyan 5. Ma'anar wannan ga ɗalibi mai neman ƙaramin aikin kawo kaya, ɗinkin kayan makaranta ko gyaran kwamfuta ita ce, duk kamfanin da ya san doka zai fara tambayarsa lambar haraji kafin ya tambaye shi farashi.

Mai gida mai adalci zai ba kowane ma'aikaci takardar albashi da take nuna abin da aka biya da abin da aka cire. Takardar tana kare ɓangarorin biyu. Ita ce hujjar mai gida cewa albashin da ya rubuta cikin kuɗin gudanar da kasuwancinsa gaskiya ne, ita ce kuma hujjar yaro cewa an cire masa.

Tara Da Hanyar Ƙorafi

Rashin yin rajista yana jawo tarar Naira 50,000 a watan farko, da Naira 25,000 a kowane wata da ya biyo baya. Rashin miƙa takardar shekara kuwa tararsa Naira 100,000 ce a watan farko, da Naira 50,000 a kowane wata bayan nan. Idan ma'aikaciyar jinyar misali na biyu ta yi jinkirin wata huɗu, tarar da doka ta tanada ta kai Naira 250,000, fiye da ninki uku na harajinta na shekara, wanda kuma an riga an cire shi daga albashinta. Ga malamin da ba a bin sa ko kwabo, tarar watan farko kaɗai ta fi albashinsa na wata biyu. A nan ne hatsarin yake, domin tarar ba ta duba yawan harajin da ake bin mutum.

Doka ba ta bar mai biyan haraji babu kariya ba. Wanda aka aiko wa takardar ƙiyasi bai yarda da ita ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi tare da hujjojinsa, hukuma kuma tana da kwana 90 ta ba shi amsa. Idan ba a daidaita ba, zai iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma yake zama a Kaduna. Sababbin dokokin sun kuma kafa ofishin mai sauraron koke-koken masu biyan haraji. Wanda ya bar kwana 30 suka wuce bai ce uffan ba, ƙiyasin ya tabbata a kansa.

Amfanin Fara Wa Da Wuri

Ban da tsoron tara, akwai wata riba da ɗalibi yake samu idan sunansa ya shiga littafi tun yana makaranta, ita ce takardar shaidar biyan haraji. Wannan takarda tana nuna matsayin mutum na shekaru uku da suka gabata, kuma an saba neman ta wajen kwangilar gwamnati, takardar mallakar fili, wasu lasisin kasuwanci da tsayawa takarar muƙamin siyasa. Matashin da ya gama karatu ya buɗe kamfani, ya je neman aikinsa na farko, sau da yawa a nan yake cin karo da bango, domin shekaru ukun da ake tambaya su ne shekarun da ya yi yana aiki yana karatu ba tare da ya rubuta komai ba. A lokacin sai a yi masa ƙiyasin baya, ya biya abin da da ya cike takarda a kan kari ba za a bi shi ba. Wanda ya yi shekara uku yana miƙa takarda, ko da ta sifiri ce, yana da tarihin da zai nuna. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ga mai kanti, mai makaranta ko dillalin da yake da ɗalibai a ƙarƙashinsa, ranakun da zai rubuta a bangon ofis uku ne: 10 ga kowane wata don kai abin da ya cire, 31 ga Janairu don jerin ma'aikata, da 31 ga Maris don takardarsa ta kansa. Idan zai cike tasa a watan Maris, ya tambayi yaransa ko sun cike tasu, ya kuma ba su takardun albashin da za su cike ta da su.